Wa Ake Gayyata Yawon Buɗe Ido?

Ya ku 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, mun gaji da jin batun yawon buɗe ido a bakin mahukunta. A 1976 aka kafa masa hukuma, a 1992 aka sake mata suna. A 2023 aka ba shi ma'aikata sukutum, kafin ƙarshen 2024 aka haɗe ta da ta al'adu. Sauya allon ƙofar ofis kam ba ya makara!

Abin nunawa fa akwai shi. Ga giwayen Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, ga Sukur wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1999. Amma bikin kamun kifi na Argungu sai da ya yi kimanin shekara goma a kwance kafin a tashe shi a 2020. Ganuwar Kano kuwa gine-gine na ta cinye ta, kowa na gani.

To, wa ake gayyata? Bature daga Ingila? Mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ma, in zai je gida kallon hawan salla, addu'a yake yi tun daga Lakwaja saboda ramuka da masu satar mutane. A gyara masa hanya tukuna, a tsare ta, shi zai fara kai iyalinsa Yankari ya biya kuɗin shiga.