Wasiƙa Daga Bakori Zuwa Ga Masu Zaɓar 'Yan Wasan D'Tigers

Malamai masu horarwa,

Ni malamin wasanni ne a ƙasar Bakori, kuma ƙwallon kwando nake koya wa yara. Ina rubuto muku ne ku da nauyin fitar da sunaye 12 na tawagar maza ta Najeriya, wato D'Tigers, ya rataya a wuyanku, da ku kociyoyin kulob-kulob da ake tuntuɓa kafin a fitar da su. Roƙona guda ne: ku daina barin zaɓe sai gasa ta ƙarato. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tarihin wannan tawaga ya isa shaida.

Ku tuna 2021. Ranar 10 ga Yuli, a Las Vegas, yaran koci Mike Brown suka doke Amurka da ci 90 da 87, suka zura jifa mai maki uku har sau 20. Duk wanda ya san yadda Amurkan ta yi mana 156 da 73 a gasar Olamfik ta Landan a 2012 ya san abin da zukatanmu suka ji a ranar. Amma wasan sada zumunta ne. Da aka isa gasar Olamfik ta Tokyo da 'yan NBA takwas a cikin tawaga, Ostareliya ta ci mu, Jamus ta ci mu, Italiya ma ta ci mu, alhali muna gaba aka shiga zangon ƙarshe. Gwaninta ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya ɓace shi ne sabo da juna: idan wasa ya yi zafi, saura minti uku, wa zai riƙe ƙwallo, wa zai tsaya ina, wa za a nema. Wannan ba ya samuwa a sansanin horo na 'yan makonni.

Sai ku ajiye wannan kusa da 2015, shekarar da muka ɗauki kofin Afirka a Tunisiya, muka doke Angola 74 da 65 a wasan ƙarshe. Ɗan NBA ɗaya ne a tawagar koci Will Voigt, wato Al-Farouq Aminu. Ike Diogu ya ji rauni, bai buga ba. Amma Chamberlain Oguchi, wanda aka zaɓa gwarzon gasar, da Olumide Oyedeji da Alade Aminu da ƙaninsa Al-Farouq duk sun sha wuyar Landan tare. Sun san halin juna. Ita kanta Angolar, kofuna 11 da take da su a lokacin ta tara su ne galibi da 'yan kulob ɗin Petro de Luanda da Primeiro de Agosto, masu buga wasa tare ko da juna duk shekara.

A nan wajenmu, mai shanun huɗa ba ya haɗa bijimai biyu don kawai su ne mafiya ƙarfi a garke. Yana duba waɗanda takunsu ya zo ɗaya, ya ɗaura musu karkiya tun da rani suna jan icce, don kada ranar da ruwa ya sauka kunya ta karkace. Haka nake so ku dubi mutum biyar ɗin da za ku tura fili.

Saboda haka ku fara da tambayar wanda zai zo, kafin tambayar wanda ya fi suna. Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta rarraba wasannin share fage a cikin shekara, har da Nuwamba da Fabrairu, lokacin da kakar NBA ke gudana, 'yan wasanta ba sa samun fita. Waɗanda ke amsa kira a waɗannan watanni su ne ƙashin bayan tawaga. Su ne ke kwana a filin jirgi, su buga wasa uku cikin kwana uku. Idan sun samo mana tikiti, sai kuma a zubar da su gaba ɗaya don manya sun samu hutu, to kun koya wa kowa cewa amsa kira ba ta da lada. Ku ware musu gurbi tabbatacce, ku faɗa musu tun farko, ku kuma cika.

Ku zaɓa da dokokin FIBA a zuciya. Minti 40 ne wasan, laifi biyar mutum ya fita, layin maki uku mita 6.75 ne, kuma dogon mai tsaron gida yana iya kafa sansani ƙarƙashin kwando ba tare da an hura masa usur ba. Ɗan wasan da ya saba da fili a buɗe yana kutsawa shi kaɗai zai tarar da bango. Kuna bukatar masu raba ƙwallo biyu, ko ma uku, waɗanda ba sa ruɗewa idan an matse su, da masu jifa daga nesa, da dogon da bai damu da cin maki ba.

Irin wannan dogon ba a gane shi a takardar ƙididdiga. Ku je ku zauna a gefen fili, ku ɗauke ido daga ƙwallo. Ku kalli yaron da, da zarar an yi jifa, yake juyawa ya sa bayansa a ƙirjin abokin karawa, ya tura shi waje, ƙwallon ta faɗo hannun wani ɗan ƙungiyarsu, sunansa bai shiga ko'ina ba. Ku kalli bakinsa a lokacin tsaron gida, ko yana kira yana gargaɗin 'yan uwansa. Ku kalli fuskarsa idan aka cire shi: ya zauna a benci yana bin wasan, ko ya lulluɓe kai da tawul? Mutum na 11 da na 12 a tawaga wataƙila ba za su buga minti goma ba a gasar duka. Ku ɗauki masu iya haƙurin wannan, domin ɗan wasa guda mai gunaguni yana iya ɓata ɗaki.

Game da 'ya'yanmu da aka haifa a Amurka da Turai, ba na tare da masu kallonsu a matsayin baƙi. Namu ne, kuma sun ɗaga tutar nan da gaske. Sai dai akwai aikin takarda da ake sakaci da shi. A ƙa'idar FIBA, wanda ya karɓi fasfon ƙasa bayan ya cika shekara 16 ana iya lissafa shi cikin waɗanda aka bai wa izinin zama 'yan ƙasa, kuma ɗaya tak ake yarda da shi a tawaga. Ku nemi iyayen yaran tun suna ƙanana. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, rigar Amurka ya sa ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, kuma har gobe abin yana mana ciwo.

Inda zuciyata ta fi karkata kuwa shi ne gida. Zariya ba ta da nisa da mu, kuma a can koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana rainon yara a filin Jami'ar Ahmadu Bello. A hannunsa Masai Ujiri ya taso, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Arewa ba baƙuwar wasan nan ba ce. Amma daga Funtuwa zuwa Malumfashi, yaron da Allah ya ba tsayi bai san tsayin nan yana da wata ƙofa ba. Za ka gan shi ranar kasuwa yana ɗora buhun masara a kan mota, kansa ya zarce na kowa, tafin hannunsa ya isa ya damƙe ƙwallo da hannu ɗaya, shekarunsa ba su wuce 15 ba. Filin da zai koya, in ma akwai, siminti ne da ya tsattsage, da zobe babu raga. Ba ina cewa ku sa shi a tawagar ƙasa don a ce an yi rabo da kowane yanki ba. Rigar ƙasa ba kason siyasa ba ce, kuma duk kocin da ya karɓi ɗan wane don an bugo masa waya ya ci amana. Cewa nake ku zo ku gan shi tun yanzu, ku auna shi, ku rubuta shekarunsa na gaskiya, ba waɗanda aka rage ba, ku bibiye shi.

Na san ba komai ke hannunku ba. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ya gurgunta gasar cikin gida, har a Mayun 2022 gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya kafin ta sauya shawara, kuma ba mu je gasar duniya ta 2023 ba, alhali Sudan ta Kudu da Kef Bad sun je. Duk da haka, littafin sunaye naku ne. Ku buɗe shi da yara 40 ko 50, na gida da na waje, ku riƙa sabunta shi ko da gasa ko babu. Idan hutun ƙarshen zango ya zo, ku turo mana mutum ɗaya da ma'aunin tsayi da ƙwallaye zuwa Funtuwa. Mu malaman makarantun Bakori da Danja da Ƙafur za mu tara muku yaran.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a, daga Bakori.