Ƙuri'a 15 Ta Raba Gardama A Hendon

A zaɓen Birtaniya na watan Yuli 2024, Jam'iyyar Leba ta kwashe kujeru sama da 400 cikin 650. Amma a mazaɓar Hendon, can gefen arewacin Landan, da ƙuri'a 15 kacal David Pinto-Duschinsky na Leba ya kada abokin karawarsa na Kwanzabatib. Babu inda aka yi kunnen doki irin wannan a duk ƙasar. Ba kuwa farau ba ne, domin a 2010 da ƙuri'a 106 Matthew Offord na Kwanzabatib ya ƙwace kujerar daga Leba.

Mai karatu zai ce me ya sa haka? Hendon gari biyu ne cikin riga ɗaya. A Mill Hill da Edgware akwai masu gidan kansu da 'yan kasuwa, waɗanda haraji ya fi damu. A Burnt Oak da Colindale kuwa 'yan haya ne da mazauna gidajen hukuma, cikinsu har da 'yan Afirka da mutanen Romaniya. A nan akwai abin lura: ɗan Nijeriya ko Gana mai izinin zama yana da ƙuri'a a zaɓen majalisa, saboda ƙasarsa renon Ingila ce, alhali maƙwabcinsa ɗan Romaniya ba shi da ita sai ya zama ɗan ƙasa. Ke nan yawan kawuna a unguwa ba shi ne yawan ƙuri'u ba.

Sai Yahudawa, waɗanda Hendon na cikin manyan matattararsu a Birtaniya. Zamanin da Jeremy Corbyn ke jagorancin Leba, zargin ƙyamar Yahudawa ya dabaibaye jam'iyyar. Leba ta tsayar da Bayahude a 2017, ta sake tsayar da wani a 2019, duk Offord, wanda ba Bayahude ba ne, ya kada su. Ratar ma ƙaruwa ta yi, daga dubu ɗaya da 'yan kai zuwa sama da dubu huɗu. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan lamarin: mutanen ba addinin ɗan takara suka duba ba, halin jam'iyyarsa suka auna.

Pinto-Duschinsky ɗin da ya sha ƙasa a 2019 shi ne ya ci a 2024, bayan Keir Starmer ya yi shekara huɗu yana ba Yahudawa haƙuri. Ratar 15 ta nuna da yawansu ba su huce ba tukuna, ko da yake sababbin benayen da ake ta ginawa a Colindale suna ƙara wa Leba matasa 'yan haya.