Kuɗin Agaji da Hannun Mai Sana'a a Nguru da Gashuwa

Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a shekarar 1930, har garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da shanu da fatu da ƙiraga na ƙasar Bade da Manga da kudancin Nijar, tijarar wannan yanki ba ta sauya kama ba: mu ne masu noma da kiwo da tsinta, wasu ne masu sarrafawa, su ne kuma masu cin riba. Ƙaron da ake tsinkowa a jikin dakwara ɗanye yake barin hannunmu, cuɗe da ɓawo da yashi, sai ya kai Faransa a tace shi, a mai da shi gari, sa'an nan ya shiga lemon kwalba da magunguna da farashin da mai tsintarsa bai taɓa mafarki ba.

Ba baƙi ba ne mu ga agajin ƙetare. Dattawan Gashuwa suna tune da shirin NEAZDP mai hedikwata a Garin Alkali, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa a farkon shekarun 1990, aka haƙa rijiyoyi, aka dasa itatuwa, har zuwa 1995 lokacin da aka kashe Ken Saro-Wiwa, Turawa suka yi fushi da gwamnatin soja, suka janye hannunsu, ba don talakan Bade ya yi musu laifin komai ba. Wanda duk ya ga wannan, lalle ya san kuɗin baƙo yana da ranar tafiya, kuma ba ya shawara da kowa in zai tafi.

Saboda haka, a ganina, duk gudummawar da za ta sake zuwa, maslaha ita ce a zuba mafi yawanta cikin ilimin sana'a mai zurfi, irin na shekara biyu ko uku a gaban gwani, ba bitar mako guda da ake sallamar yaro da takardar shaida da keken ɗinki ba, wanda sau da yawa a kasuwa yake kwana. A koya wa samari tankaɗe ƙaro da rarraba shi daraja-daraja, da jima ta zamani, da gyaran injin ban ruwa da na casar shinkafa, da yadda ake ƙyafe kifin Komadugu ya isa Legas bai lalace ba. Imam Gazali, Allah ya jiƙansa, ya lissafa sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su cikin farillan kifaya, alhali mu muna kallonsu abin wanda boko ya ƙi.

Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ita ta fi cancanta ta riƙe horar da malaman waɗannan sana'o'i, da sharaɗin a rubuta albashinsu da kuɗin gyaran injuna cikin kasafin Jihar Yobe tun ranar da za a sa hannu a yarjejeniya, kuma a zaunar da 'yan kasuwar Nguru a majalisar da za ta tsara abin da za a koyar.