Lambar da Ta Kunyata Fermat

A wannan makon ina so mu yi nazarin lamba guda: 4,294,967,297. Masana lissafi sun kasa lambobi gida biyu. Akwai waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kamar 7 da 13, waɗanda nake kira gagara-raba. Akwai kuma masu rabuwa, kamar 15, wadda 3 sau 5 ce. To, wane gida lambarmu ta faɗa?

Ga asalinta. Ɗauki 2 ka ninka ta da kanta, amsar ma ka ninka ta da kanta, ka yi ta maimaitawa: 2, 4, 16, 256, 65,536. Ƙara wa kowace ɗaya, ka sami 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukkansu gagara-raba. Ganin haka, a shekarar 1640 Pierre de Fermat, masanin shari'a ɗan Faransa kuma gwanin lissafi, ya bayyana yaƙininsa cewa duk lambobin wannan jeri haka suke. Lambarmu ita ce ta shida a jerin.

Sai a 1732 Leonhard Euler, ɗan Suwizalan, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ita ce wannan lamba cif. Hikimar ita ce, duk gagara-raba da za ta raba ta dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Maimakon a gwada gagara-raba 6,542 da ke ƙasa da 65,536, sai a bi wannan zuri'a kaɗai: 193, 257, 449, 577, ta biyar kuwa 641 ce. Har yau, duk da ƙarfin kwamfuta, ba a sake samun gagara-raba ko ɗaya a jerin ba bayan 65,537.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan malamai ne. 641 da 6,700,417 duk gagara-raba ne. Ninka irinsu biyu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga amsar, idan sun kai ɗaruruwan alƙaluma, ya gagari na'urorin yau. A kan wannan wahala aka gina tsarin ɓoye bayanai na RSA a 1977, wanda yake cikin abubuwan da ke tsare hada-hadar kuɗi a intanet.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke koyar da lissafi. Muna ba yara misali uku, mu ce su haddace ƙa'ida, ba tare da mun nuna musu dalilinta ba. Wanda ya tashi a haka, gobe zai ga mutum biyar na wata ƙabila ya yanke wa miliyoyi hukunci, ko ya ji magani ya warkar da mutum biyar ya ce ya warkar da kowa. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Lissafi ya fi haka tsauri, domin ko shekara arba'in ba ta isa hujja ba. Ina kira ga malaman sakandare su sa ɗalibai su raba wannan lamba da 641 da hannunsu, sannan su tambaye su inda Fermat ya yi tuntuɓe.