Ina Asalin Kiɗan Gogen Rawar Ƙauye ta Ingila?

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe a tsakanin masu nazarin al'adu, wai kiɗan gargajiya tsirowa yake yi a ƙauye kamar ciyawar damina, ba shi da maƙagi, ba shi da ranar haihuwa. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta ja da wannan ra'ayi, ta hanyar duban kiɗe-kiɗen da ake yi wa rawar ƙauye ta Ingila, wato rawar nan da maza da mata kan yi sahu biyu suna fuskantar juna, mai goge yana ba su amo.

Shi kansa gogen, mai tsirkiya huɗu da ake ɗorawa a kafaɗa, baƙo ne a Ingila. A arewacin Italiya aka fara ƙera shi cikin ƙarni na 16. Kiɗe-kiɗen kuwa, babbar hujjar da ake da ita a kansu ita ce littafin The English Dancing Master, wanda John Playford ya buga a Landan a 1651. Ya ƙunshi raye-raye 105, kowace da rubutaccen kiɗanta da bayanin takunta, aka kuma yi ta sake buga shi da ƙari har wajen 1728. Playford ɗan kasuwar littattafai ne, lauyoyi da masu hali na birni ya nufa da hajarsa. Ashe ke nan tsohuwar shaidar rawar "ƙauye" a kasuwar birni aka same ta.

Idan aka bi diddigin kiɗe-kiɗen ɗaya bayan ɗaya, sai lamarin ya ƙara fitowa fili. Greensleeves, alal misali, an yi masa rajistar bugawa a Landan a 1580, kuma bisa wani tsarin amo na Italiya aka gina shi. Wanda ake kira Hole in the Wall kuwa Henry Purcell ne ya tsara shi domin wasan kwaikwayon Abdelazer a 1695, daga baya masu rawa suka ɗauke shi. Polka daga Bohemiya ta taso, ta iso Landan a 1844, ba a jima ba ta zama 'yar gida a bukukuwan karkara.

To, wani na iya cewa in haka ne ai ba gargajiya ba ce, aro ne. A nan ne na saba da shi. John Clare, mawaƙin nan ɗan ƙodagon gona na ƙauyen Helpston, ya bar kiɗe-kiɗe fiye da 250 rubuce da hannunsa. Wasu ya kwafo daga bugaggun littattafai, wasu ya koya da kunne wurin 'yan ƙabilar Romani masu yawo. Haka mahaifin marubuci Thomas Hardy da kakansa, su ke kiɗa a majami'ar Stinsford, kuma gidansu ya adana nasa kundin na kiɗan rawa. A hannun irin waɗannan mutane ne kiɗan birni ke sake kama: a zubar da gaɓar da ta yi wa yatsa wuya, a daidaita saurinsa da ƙafar masu rawa, wani lokaci har sunan a canza. A ganina wannan aikin shi ne gargajiyar.

Cecil Sharp, wanda ya kafa ƙungiyar raya rawar gargajiya ta Ingila a 1911, ya cancanci yabo, domin ya shiga ƙauyuka ya rubuta abin da ya tarar. Sai dai kashi na farko na littafinsa The Country Dance Book, na 1909, shi ne ya ɗauko daga ƙafar mutanen karkara. Mafi yawan sauran daga Playford ya farfaɗo da su, aka koya wa 'yan makaranta a matsayin gadon kakanni. Soldier's Joy kuwa ana goga shi a Ingila da Sikotilan da Nowe da Amurka, kowa yana ce da shi nasa.