Lanƙwasa Ƙusa da Hannu: Jarunta ko Ɓarna?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, akwai wani wasa da ya shigo ɗakunan kwanan samari a bana, wato gasar lanƙwasa ƙusa da hannu. Wanda ya lanƙwasa ɗaya sai a tafa masa, wanda ya haɗa biyu ko uku kuwa sai a riƙa kiransa gwarzo. Ni ban ƙi motsa jiki ba, amma ina so mu tsaya mu yi tunani.

Wannan wasa ba a nan aka fara shi ba. A Amurka an yi wani mutum mai suna Joseph Greenstein, wanda aka haifa a 1893, ya rasu a 1977. Gajere ne, amma ya yi suna wajen lanƙwasa ƙarfe a gaban jama'a. Sai dai shi sana'arsa ce, ya kuma yi shekaru yana horar da jikinsa.

Abin da muka koya a darasin kimiyya ya isa ya nuna mana cewa ba ƙarfin damtse kaɗai ke aiki ba. Ƙusa mai inci 6 ta fi gajera sauƙin lanƙwasawa idan kaurinsu ɗaya, domin tsawo yana taimakon hannu. Kauri kuwa shi ne babban abu: idan aka ninka kaurin ƙarfe sau 2, ƙarfin da ake bukata yakan ninku kusan sau 8. Ƙusoshi biyu da aka haɗa a tafi ba su kai haka ba, domin kowace tana zamewa a jikin 'yar'uwarta. Ashe dabara tana da rabo mai yawa a cikin abin da muke kira jarunta.

Ga kuma haɗari. Tsinin ƙusa yana iya huda tafin hannu, ƙwayar cutar tetanus mai sa haƙora su sarƙe kuwa tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ƙusar kankare ba ta lanƙwasuwa, karyewa take yi, gutsuren kuma yana iya faɗawa ido. Wanda ya ji ciwo a hannun dama ana gab da jarrabawa, da me zai riƙe biro? Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wasu daga jikin benci da tebur suke zare ƙusoshin, kayan da iyayenmu da ikkilisiya suka sha wahala kafin su saya.

In ƙarfin hannu muke nema, mu je kasuwar Maigatari ranar Alhamis mu ga masu loda buhunan riɗi da zoɓo, da masu riƙe bijimi da igiya. Mu dubi masu jan guga a rijiyoyi masu zurfi a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, da maƙeran Gumel masu ƙera fartanya da lauje. Ba mai tafa musu, amma ƙarfinsu yana ciyar da gida. Samson na Littafin Mahukunta ya fi kowa ƙarfi a zamaninsa, duk da haka rashin kamun kai ya sa ya rasa idanunsa a hannun Filistiyawa. Ubangijinmu Yesu kuwa masassaƙi ne, sana'ar da ke gyara wa mutane kayan amfani.

Shawarata ga hukumar makaranta ita ce, kada a tsaya ga hukunci kawai. A ƙara mana jan igiya da kokawa a wasannin gidaje, malamin wasanni yana lura. Samarin da suka zare ƙusoshi kuma a ba su guduma su gyara bencin da hannunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma yanzu ne lokacin da halinmu zai miƙe. Ubangiji ya ba mu hikimar amfani da ƙarfin da ya ba mu. Amin.