Gyaran Gida: Ƙyaure da Rairayi

A Gure, iskar hunturu tana cusa rairayi ko'ina, har cikin ƙarafan da ƙyauren gareji ko na ɗakin amalanke yake juyawa a kansu. Da ƙyaure ya fara kuka, sai maigida ya zuba baƙin mai. Nan ne kuskuren. Mai da rairayi in sun haɗu, cin ƙarfe suke yi kamar dutsen washi. Wata rana ƙyauren ya faɗo, wataƙila a kan yaro.

A fara share rairayin, a wanke da kananzir, sannan a ɗiga mai kaɗan. Kwaɗo kuwa ba ya son mai, garin bakin fensir ya ishe shi. Kafin damina, a kwashe ƙasar da ta taru a gindin ƙyaure, don kada ya yi tsatsa.